Ɗigon Jini da Tarin Fuka: Gwajin da Masana Suka Daɗe Suna Nema

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Samaru zuwa Sabon Gari a lokacin hunturu ya san ba a kai wa Kwangila sai an ji mutum biyu ko uku sun yi tari. Ba mai damuwa, domin kowa ya ɗauka ƙura ce da sanyi, kuma galibi haka ɗin ne. Amma wani lokaci a cikin masu tarin nan akwai wanda nasa ba na hunturu ba ne. Tun kafin kaka ya fara. Ya sha maganin tari kwalba bayan kwalba, ga zazzaɓi mai zuwa da yamma, ga gumin dare har shimfiɗa ta jiƙe, wandonsa kuwa kullum sai ƙara yi masa yawa yake yi.

Irin wannan ne ya sami telan da ke yi mini ɗinki a Sabon Gari. Sau biyu yana zuwa wani ɗakin gwaje-gwaje ana ɗibar jininsa, sau biyu ana ce masa taifot ne da zazzaɓin cizon sauro. Ya sha magani, ya sha allurai, tari bai tafi ba. Sai da aka shafe wata huɗu sannan wata ma'aikaciyar lafiya, maƙwabciyarsu, ta ce ya kai kakinsa a gwada. Kashegari aka ce masa tarin fuka ne. A lokacin kuwa ƙaramar 'yarsa ma ta fara ramewa.

Ranar da na je duba shi sai ya yi mini tambayar da ta zama dalilin wannan rubutu. Ya ce, "Malam, ku da kuka yi karatun nan, ni na ɗauka jini shi ne komai. Idan ana ɗiga jini a kan ɗan katako a gane maleriya cikin minti 15, a gane ƙanjamau, yaya aka yi har sau biyu ana jan jinina ba a ga wannan ba?"

Amsar a taƙaice ita ce, ba wannan ciwon aka nema a jinin nasa ba, kuma ko da shi aka nema da irin ɗan katakon da yake nufi, da ba a sami amsar da za a dogara da ita ba. Dalilin haka yana da tsawo, amma darasi ne na ilmin halittu wanda ya kamata kowane ɗalibin sakandare ya sani.

Ƙwayar da ba ta zama cikin jini

Bari mu fara da cututtukan nan biyu da telan ya ambata. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jajayen ƙwayoyin jini take zama, a can take ci, a can take hayayyafa, tana zubar da wani furotin nata a cikin jinin. Ɗan katakon gwaji wannan furotin yake kamawa. Wato kamar a je neman kifi ne a cikin kogi. Ita kuwa ƙwayar ƙanjamau, kusan duk wanda ta shiga jikinsa, bayan 'yan makonni jikin zai ƙera wasu makamai na musamman don yaƙar ta, waɗanda ake kira antibodi. Idan aka ga makaman an san ƙwayar tana nan, kuma duk wanda take jikinsa yana bukatar magani. Saboda haka tambayar ɗaya ce, amsarta kuma ɗaya.

Ƙwayar tarin fuka, wadda masana ke kira Mycobacterium tuberculosis, ba haka take ba. Bakteriya ce mai siffar ɗan sanda, ƙanƙanuwa ƙwarai, sai an jera kimanin 300 kai da kai kafin su kai tsawon milimita 1. Ta iska take shiga, idan mai ciwon ya yi tari ko atishawa ko magana a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Da ta sauka can ƙarshen huhu sai wasu manyan fararen ƙwayoyin jini, masu aikin shara da haɗiye baƙi, su haɗiye ta. Sauran bakteriya nan take mutuwarsu. Ita kuwa tana da riga mai kauri kamar ta kakin zuma, tana kuma da dabarar hana a narkar da ita, sai ta mayar da cikin wanda ya haɗiye ta ya zama ɗakin kwananta. Da jiki ya ga haka sai ya tara wasu dakarun su kewaye wurin, su yi masa ganuwa. Ga ta nan a killace cikin huhu, nesa da jijiyar da ake soka wa allura a hannu. A mafi yawan masu ciwon, ƙwayoyin da ke yawo cikin jini ba su taka kara sun karya ba, in ma akwai su.

Daɗin daɗawa ga ta da nawa. Bakteriyar hanji da ɗalibai suka sani a littafi, E. coli, tana rabuwa biyu cikin minti 20 idan ta sami abinci. Ta tarin fuka sai ta yi awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu sau ɗaya. Wannan ya sa idan aka shuka kaki a kan abincin bakteriya a ɗakin gwaje-gwaje, akan jira mako 3 zuwa 8 kafin a ga tsiro. Wane maras lafiya ne zai iya wannan jira?

Wani likita Bajamushe, Robert Koch, shi ya fara ganin ƙwayar, ya kuma bayyana wa duniya a birnin Balin ranar 24 ga Maris, 1882, shi ya sa ake tunawa da cutar a wannan rana kowace shekara. Ba da daɗewa ba wasu Jamusawa biyu, Ziehl da Neelsen, suka kyautata hanyar rina ta, yadda za a gan ta ja a kan shuɗi a ƙarƙashin madubin likita. Fiye da shekara 100 wannan rini shi ne ginshiƙin gano tarin fuka a ƙasashe irin namu. Yana da arha, amma yana da rauni babba: sai ƙwayoyin sun kai 5,000 zuwa 10,000 a cikin mililita 1 na kaki kafin ido ya same su. Saboda haka kusan rabin masu ciwon sukan wuce ba a gane su ba.

An sami ci gaba mai yawa a watan Disamba na 2010, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert. Ita wannan ba ganin ƙwayar take yi ba, DNA ɗinta take nema a cikin kaki, ta ninka shi sau miliyoyi har ya bayyana. Cikin awa 2 takan faɗi ko akwai ƙwayar, ta kuma faɗi ko irin wadda ta bijire wa rifamfisin ce, wato babban maganin cutar. Nijeriya ta mayar da ita gwajin farko ga duk wanda ake zargin yana da ciwon a shekarar 2016. Mu a nan Zariya muna da gata, domin a ƙauyen Saye Cibiyar Horar da Ma'aikatan Tarin Fuka da Kuturta ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1991, kuma a cikinta akwai babban ɗakin gwaje-gwajen tarin fuka na ƙasa. Ma'aikata daga jihohi da dama nan suke zuwa koyon aikin.

To, tun da akwai wannan, me ake nema kuma da jini? Abin lura shi ne duk hanyoyin nan uku, rini da shuka da GeneXpert, kaki suke bukata. Ƙaramin yaro bai iya fitar da kaki ba, haɗiye shi yake yi. Wanda ƙanjamau ya raunana sau da yawa kakinsa ba ya ɗauke da ƙwayoyi masu yawa. Akwai kuma waɗanda cutar ba a huhu ta kama su ba: a kaluluwar wuya, ko a ƙashin baya har ya yi ƙusumbi, ko a rufin ƙwaƙwalwa. Su waɗannan ko sun yi kaki ba abin da za a gani. Ita kanta na'urar tana son wutar lantarki mai ɗorewa da ɗaki mai sanyi, abubuwa biyun da mai karatu ya san yadda suke a watan Afrilu. Jini kuwa kowa yana da shi, babba da yaro, kuma babu ƙaramin asibitin da ba a iya huda yatsa ba.

Girman matsalar ma ya isa dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu da ciwon a duniya, miliyan 1.25 suka mutu. Rabon Nijeriya a wannan shekara ya kusa mutum 500,000, alhali waɗanda aka gano aka sa a magani ba su kai 400,000 ba. Sauran suna nan cikinmu, a kasuwa, a aji, a motar haya. Mutum ɗaya da ba a yi wa magani ba yana iya harbin mutum 5 zuwa 15 a cikin shekara.

Sauri ya haifi nawa

Hanya ta farko da aka bi ita ce wadda telan nan ya yi tunani, wato a nemi antibodi kamar yadda ake yi wa ƙanjamau. Kamfanoni da dama sun ƙera irin waɗannan 'yan katakai, suka kuma sayar da su, musamman a Indiya da wasu ƙasashen Asiya da Afirka. Suna da kyan gani, suna ba da amsa cikin mintoci, mai ɗakin gwaji kuma yana samun riba. Abin da ya rage kawai shi ne su faɗi gaskiya.

A shekarar 2008 wani sashen bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya ya tattara iri 19 daga cikinsu ya gwada su da jinin mutanen da aka riga aka san matsayinsu. Wanda ya fi kowanne ƙoƙari ya gane kimanin kashi 60 cikin 100 na masu ciwon. Wanda ya fi kowanne lalacewa ya gane kashi 1 kacal. Wasunsu kuma sun liƙa wa kusan rabin waɗanda ba su da ciwon cewa suna da shi, wato da jefa kwabo sama aka yi da sakamakon bai fi haka muni ba. A watan Yuli na 2011, bayan an duba bincike 94, Hukumar ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a kan tarin fuka: ta fito fili ta ce kada a yi amfani da wannan irin gwaji. A lokacin ana yin fiye da miliyan 1 a kowace shekara. Indiya ta haramta shigo da su da sayar da su a 2012.

Me ya kawo wannan faɗuwa? A nan ne ilmin yake. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsu. Mafi yawansu lafiyarsu lau, ba sa tari, ba sa harbin kowa, domin ganuwar nan da muka ambata ta riƙe. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai ciwon zai tashi a jikinsu a tsawon rayuwa, yawanci idan garkuwa ta yi rauni saboda yunwa, ko ciwon sukari, ko ƙanjamau, ko tsufa. Ke nan akwai mai ɗauke da ƙwayar, akwai kuma maras lafiya, kuma antibodi bai san bambancinsu ba. Sa'an nan a Nijeriya ana yi wa jarirai rigakafin BCG, wanda tabonsa ke nan a dantsen yawancinmu, shi ma ɗan'uwan wannan ƙwaya ne da aka raunana. Ga kuma wasu dangin nata marasa lahani sosai da ke zaune cikin ƙasa da ruwa, waɗanda manomi da makiyayi ke cuɗanya da su kullum. Duk waɗannan suna iya barin sawu iri ɗaya a cikin jini. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A ɗaya gefen kuma, masu ciwon na gaskiya ba makami iri ɗaya jikinsu ke ƙerawa ba, wannan ya ƙera wa wani furotin, wancan ya ƙera wa wani, wanda ƙanjamau ya ci ƙarfinsa ma watakila bai ƙera komai ba.

Kada mai karatu ya ɗauka kuskuren gwaji ƙaramin abu ne. Wanda aka ce yana da ciwon alhali ba shi da shi zai sha ƙwayoyi iri 4 na wata 2, sannan iri 2 na wata 4, magungunan da kan wahalar da hanta, ainihin ciwon da ke damunsa kuma yana can yana ci. Ga tsangwama a gida da wurin aiki. Wanda kuma aka ce lafiyarsa lau alhali yana da shi zai koma ɗaki ɗaya da iyalinsa ya ci gaba da tari. A ganina gwaji maras inganci ya fi rashin gwaji illa, domin wanda ba a gwada ba yana ci gaba da neman amsa, wanda aka ba amsar ƙarya kuwa ya daina.

Tambayar fararen ƙwayoyin jini

Akwai gwajin jini na tarin fuka da ke da inganci, amma wata tambaya daban yake amsawa. Asalinsa tun daga Koch ne. A 1890 ya fitar da wani ruwa daga ƙwayar, ya kira shi tubakulin, ya ce magani ne. Bai warkar da kowa ba. Sai dai an lura cewa idan aka sa shi a fatar wanda ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa, wurin yakan kumbura bayan kwana 2 ko 3. Daga nan aka sami gwajin fata da ake kira da sunan Bafaranshe Charles Mantoux.

Daga shekarar 2001 aka fara mayar da wannan gwaji cikin kwalba. Akan ɗebi jini, a haɗa shi da wasu furotin na ƙwayar, a ajiye a ɗumi irin na jikin mutum har awa 16 zuwa 24. Idan fararen ƙwayoyin jinin sun taɓa haɗuwa da wannan maƙiyi za su tuna shi, su saki wani sinadarin kiran yaƙi mai suna intaferon-gama, sai a auna yawansa. QuantiFERON da T-SPOT su ne sanannun sunayensa. Dabarar da ta fi burge ni a nan ita ce zaɓen furotin biyu, ESAT-6 da CFP-10. Lokacin da Calmette da Guérin suke raunana ƙwayar tarin shanu don yin rigakafin BCG, sun yi shekara 13 suna dasa ta daga wannan kwano zuwa wancan har sau 230, daga 1908 zuwa 1921. A cikin wannan doguwar tafiya wani yanki na DNA ɗinta ya ɓace, kuma a wannan yankin ne umarnin ƙera furotin biyun nan yake. Saboda haka tabon rigakafi ba ya rikita wannan gwaji.

Duk da haka abin da yake faɗa shi ne, "an taɓa haɗuwa". Ba ya faɗin ko yaƙin yana ci yanzu ko an daɗe da rufe ganuwa. Yana da amfani wajen duba iyalin maras lafiya don a ba su maganin kariya, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi amfani da shi wajen yanke hukuncin cewa mai tari yana da ciwon. Ga shi kuma da tsada, ba na gaggawa ba ne.

Sauraron ƙararrawar jiki

Sabuwar hanyar da ta fi jan hankalin masana ta taso ne daga wani tunani daban. Tun da ɓarawon ya ɓuya, sawunsa kuma ya gauraye da na wasu, me zai hana a saurari ihun masu gida? Kowane farin ƙwayar jini yana ɗauke da ƙwayoyin gado kimanin 20,000, amma ba duka suke aiki a lokaci ɗaya ba. Wasu a kunne, wasu a kashe, gwargwadon halin da jiki ke ciki. Wadda aka kunna takan fitar da saƙo mai suna RNA, kuma ana iya ƙirga wannan saƙo. Jini yana ratsa huhu dare da rana, saboda haka duk abin da ke faruwa a can fararen ƙwayoyin suna da labari.

A shekarar 2010 wata tawaga a Landan ƙarƙashin Anne O'Garra ta nuna cewa akwai ƙwayoyin gado 393 da yanayin kunnuwarsu ya bambanta a jinin masu ciwon tarin fuka, kuma alamar takan dushe idan aka sha magani. Wannan babban abu ne, sai dai ba wanda zai auna abu 393 a ƙaramin asibiti. A 2016 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka tace lissafin har ya dawo 3 kacal: GBP5 da DUSP3 da KLF2. Biyun farko sukan ƙaru a jinin maras lafiya, ta ukun takan ragu. Kamfanin Cepheid, mai yin GeneXpert, ya ƙera wani ƙwanso na gwaji da za a ɗiga masa jinin yatsa a sa a cikin na'urar da ake da ita, a sami amsa cikin ƙasa da awa 1.

Sakamakon farko ya fito a 2022 daga Gambiya da Uganda da Afirka ta Kudu da Biyetnam, ƙarƙashin jagorancin Jayne Sutherland ta cibiyar binciken lafiya da ke Gambiya. Ya gane kashi 87 cikin 100 na masu ciwon, ya kuma wanke kashi 94 cikin 100 na waɗanda ba su da shi. An yi murna, amma mutanen da aka gwada ba su kai 200 ba. Da aka gwada kimanin mutum 1,500 a ƙasashe 5, aka buga a 2024, sai aka ga idan ana so ya kama kashi 90 na masu ciwon, kashi 63 kawai yake iya wankewa na sauran. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya a 2014 ga irin wannan gwaji shi ne 90 da 70. Ya kusa, bai kai ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙararrawar intaferon ba tarin fuka kaɗai ke kaɗa ta ba, mura da sauran cututtukan bairos ma suna kaɗa ta.

Ga malaman lissafi da na kimiyya, ga wani aiki da za a iya yi a allo. A ƙaddara mutum 1,000 masu tari sun zo asibiti, 100 daga cikinsu suna da tarin fuka. Gwajin da ya cika ma'aunin 90 da 70 zai kama 90, ya kuskure 10. A cikin 900 da ba su da ciwon zai wanke 630, ya yi zargin 270. Ke nan waɗanda ya nuna su 360 ne, kuma 90 kawai a cikinsu ke da ciwon, wato 1 cikin 4. Ɗalibi zai ce to ina amfaninsa? Amfaninsa shi ne rariya ce, ba alƙali ba. Maimakon a kai kakin mutum 1,000 ga GeneXpert, 360 za a kai, a rage kuɗi da layi da kwanakin jira. Ba a fara wa kowa magani da maganar rariya. Su kuma 10 ɗin da suka zille, su ne dalilin da ya sa ake ce wa duk wanda tarinsa bai tafi ba ya dawo. A canza 100 ɗin nan zuwa 10 a sake lissafin, ɗalibai za su ga da idonsu yadda darajar gwaji take sauyawa gwargwadon yawan cutar a wurin da ake yin sa.

Akwai ma wata rariya mai sauƙi da aka riga aka amince da ita. Hanta takan saki wani furotin mai suna CRP idan akwai kumburi a jiki, ana kuma auna shi da jinin yatsa cikin mintoci. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi amfani da shi wajen tace masu ɗauke da ƙanjamau, a tura wanda nasa ya haura miligiram 5 a lita zuwa gwajin tabbatarwa.

Wasu masanan kuwa ba su haƙura da neman ɓarawon da kansa ba. Ko da ƙwayar ba ta yawo cikin jini, idan ta mutu ɓurɓushinta yakan faɗa ciki. Tony Hu da abokan aikinsa sun nuna a 2017 cewa ana iya kamo gutsattsarin ESAT-6 da CFP-10 daga jini da wasu ƙananan faya-fayai da ido ba ya gani, a auna su cikin 'yan awoyi, sai dai na'urar awon tana da tsada ƙwarai. A 2022, a Jami'ar Tulane, suka yi amfani da CRISPR, almakashin nan na yanka DNA, wajen gano gutsattsarin DNA na ƙwayar a jinin manya da yara, har da yara masu ƙanjamau daga ƙasashen Afirka. Sakamakon ya yi kyau, amma darasin 2022 da 2024 da muka gani a sama ya isa ya sa mu jira manyan gwaje-gwaje kafin guɗa. Abin dariya shi ne ɗan katakon farko da ya yi nasarar kama ɓurɓushin ƙwayar ba da jini yake aiki ba, da fitsari ne. Wani sinadari na rigar ƙwayar mai suna LAM yake nema, yana ba da amsa cikin minti 25, kuma tun 2015 aka amince da shi ga masu ƙanjamau da jikinsu ya yi tsanani.

Ra'ayina shi ne duk gwajin da zai yi mana aiki sai an auna shi da jininmu. Jinin ɗan Zariya ba irin na ɗan Landan ba ne wajen abin da ya gani: zazzaɓin cizon sauro shekara-shekara, tsutsar ciki, sikila, ƙarancin abinci, duk suna taɓa ƙararrawar nan da ake son saurare. A Afirka ta Yamma kuma akwai wata 'yar'uwar ƙwayar, Mycobacterium africanum, da aka fara bayyanawa a Senegal a 1968, wadda ba a cika samun ta a wasu sassan duniya ba. Ga ta shanu, wadda kan shiga mutum ta nonon da ba a tafasa ba. Garin da ke da Saye, da Asibitin Koyarwa a Shika, da tsangayar likitan dabbobi a Samaru, yana da duk abin da ake bukata don yin wannan awo, kuma ɗaliban da ke karanta wannan mujalla a aji huɗu ko biyar su ne za su riski aikin.

Kafin nan, abin da ya tabbata shi ne kaki. Wanda ya yi mako 2 yana tari, ko yana ramewa da gumin dare, ya je asibitin gwamnati ya ce a gwada kakinsa. A ƙarƙashin shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa gwajin da maganin kyauta ne. Malaman makarantun kwana su sa ido a ɗakunan da ake cunkushe yara tagogi a rufe. Wanda kuma aka miƙo masa ɗan katako aka ce zai gano masa tarin fuka da ɗigon jini cikin minti 15, ya riƙe kuɗinsa.

Telana ya kammala watanninsa 6, ya koma kan kekensa. Ita 'yar tasa, da yake ba ta iya fitar da kaki ba, kashinta aka gwada da GeneXpert, domin kakin da yaro ya haɗiye can yake bi ya fita. An sami ƙwayar, aka sa ta a maganin yara mai narkewa a ruwa. Da na je karɓar ɗinkin sallah na tarar da ita a ƙofar shago tana tsince ƙyallaye.